Wa Ya Ƙi Amsa Sallama? Bin Sawun Ɓacewar Faifai Tsakanin Waya, Kwantirola da Direba

Tsakure

"Kwamfuta ba ta ganin faifai" ƙorafi ne da duk mai gyara ya saba ji, kuma hukuncin da ake yanke masa ba ya wuce biyu: ko a ce faifan ya mutu, ko a ce direba ne. Wannan maƙala ba ta yarda da ko ɗaya ba sai da shaida. Kafin faifai ya bayyana a gaban mai kwamfuta akwai matakai da babbar manhaja take bi ɗaya bayan ɗaya, kuma tana rubuta inda aka daina amsa mata. An bi waɗannan matakai a faifan SATA da na NVMe, a Linux da Windows, sannan an tsaya a kan fasahar VMD ta kamfanin Intel, wadda ta sa aka yi wa faifai masu lafiya da yawa jana'iza.

1.0 Gabatarwa

Kwanakin baya wani ɗalibina ya shigo ofis, laftof a hannun dama, baƙar leda a hagu. Windows ce ta rikice masa, ya kai wani shago a sake ɗora ta. Mai gyara ya soka filashi, ya bi matakai har shafin da ake zaɓar inda za a ɗora manhajar, sai ga fili fetal, babu faifai ko ɗaya. Nan take ya ce SSD ya ƙone. Yaro ya ranto kuɗi aka sa sabo fil, shafin nan bai canja ba. "Malam, yanzu kuma cewa ya yi madabod ne, wai gara in sa ta a kasuwa." Tsohon faifan, wanda babi huɗu na kundin digirinsa ke ciki, shi ne a ledar.

Tambaya ɗaya na yi masa: ranar da ya kai ta shagon, tana kaiwa inda ake sa kalmar sirri? Ya ce tana kaiwa, daga nan take daskarewa. To faifan da kwamfuta ta tashi daga cikinsa da hantsi ba zai mutu da azahar don kawai an soka filashi ba, balle a ce sabon ma ya iso a mace. An bar jaki ne ana dukan taiki. Zan dawo kan wannan laftof a sashe na ƙarshe.

Kalmomi uku za su yi ta maimaituwa. Kwantirola ita ce ɗan guntun da ke tsakanin firosesa da faifai. Direba shi ne ɓangaren babbar manhaja da ya san harshen wannan kwantirola. Kanel kuma shi ne zuciyar manhajar, inda direbobi ke zaune. Abin da kanel yake yi idan an kunna kwamfuta kamar ɗan aike ne da aka tura neman wani: sai ya gano layin, ya gano gidan, ya tsaya a zaure ya yi sallama, a amsa, sannan ya tambayi sunan wanda ya amsa. Aikin mai gyara shi ne ya gano a wace ƙofa aka yi shiru.

2.0 Ƙofar farko: an ga kwantirolar kuwa?

Kowace na'ura da ke kan layin PCI tana gabatar da kanta da lambar kamfani, lambar samfuri, da lambar aji. Lambar ajin ce ta fi amfani a nan: 0101 tsohon tsarin IDE ne, 0104 RAID, 0106 SATA, 0108 kuma NVMe. Da waɗannan lambobi kanel yake zaɓar direban da zai ɗaura wa na'ura. Hikimar ƙa'idar AHCI, wadda Intel ta fitar a 2004, ita ce direba guda ya ishi duk kwantirolar SATA da ta bi ƙa'idar, ko wane kamfani ya ƙera ta. NVMe ta zo a 2011 da irin wannan manufa. Shi ya sa Windows take zuwa da storahci da stornvme a cikinta, na biyun tun daga Windows 8.1, Linux kuma take da ahci da nvme.

A Linux umarnin lspci -nnk yana nuna lambobin, ya kuma faɗi direban da ke riƙe da kowace na'ura. A Windows, Device Manager ne. Idan kwantirolar ba ta cikin jerin gaba ɗaya, maganar direba ba ta taso ba tukuna: an kashe ta a BIOS, ko katin bai zauna ba. Idan tana ciki amma babu direba a ƙarƙashinta, nan ne kaɗai kalmar "matsalar direba" take gaskiya ba tare da jayayya ba.

Akwai wani abu da littafin madabod yake faɗa a ƙananan haruffa amma ba a karantawa. A allo da yawa gurbin M.2 yana raba hanya da wasu kafofin SATA, da zarar an sa faifai a gurbin sai waɗancan kafofi su mutu. Haka kuma faifan M.2 iri biyu ne, na SATA da na NVMe, wani lokaci kuma faifan zai shiga gurbi daram alhali gurbin bai san harshensa ba.

3.0 Sallama da amsa a kan wayar SATA

Wannan shi ne matakin da na fi so ɗalibai su riƙe, domin lamba uku kacal ta isa ta raba gardama. Idan direba ya karɓi kwantirola, yakan aika siginar COMRESET ta kowace kafa. Faifan da ke da wuta sai ya amsa da COMINIT, su yi musayar COMWAKE, su daidaita saurin da za su yi magana: gigabit 1.5, ko 3, ko 6 a daƙiƙa. Sakamakon yana shiga wata rajista mai suna SStatus, Linux kuma tana buga ta a rahoton da umarnin dmesg yake nunawa.

A karanta lambar daga dama. Ta ƙarshe tana faɗin ko akwai kowa a gidan: 0 babu alamar faifai, 1 an ji motsi amma magana ba ta ƙullu ba, 3 an gaisa lafiya, 4 kafar a kashe take. Ta tsakiya ita ce sauri, 1 ko 2 ko 3. Ta farko yanayin wuta ce, 1 na nufin hanyar a farke take. Ke nan SStatus 133 na nufin faifai yana nan a gigabit 6, 123 a gigabit 3, 113 a 1.5. Wanda ya ga "link down" da SStatus 0, ya tashi daga gaban allo ya ɗauko sukudireba. Babu direban da zai sauke daga intanet wanda zai sa wa faifai wuta. Wanda ya ga 1 kuma, faifan yana raye amma siginar ba ta isa da ƙarfinta: waya ce, ko bakin jona, ko tsohon faifai da sabuwar kwantirola sun kasa daidaita sauri.

Idan abin na tsakiya ne, wato yau a gani gobe a rasa, rahoton yakan nuna kanel yana ta haƙuri. Zai ce hanyar tana jinkirin amsawa, ya sake COMRESET, ya rage sauri daga 6 zuwa 3, daga 3 zuwa 1.5, daga ƙarshe ya sallama kafar. Wannan tsari na farfaɗowa daga kuskure, wanda Tejun Heo ya sake ginawa a libata, sashen kanel ɗin Linux mai kula da faifan SATA, a 2006, shi ne ya mayar da rahoton abin karantawa kamar labari. Mai gyara zai iya tilasta ƙaramin sauri tun farko da libata.force=1.5Gbps. Idan faifan ya bayyana da wannan, kada a yi murna cewa an gyara. An dai sami shaida cewa waya ce ko jona, sai a canja ta. Shaida ta biyu tana cikin faifan kansa: a rahoton SMART, lamba 199 tana ƙirga kurakuran da suka faru a kan hanya, ba a cikin faifai ba, alhali 5 da 197 ne suke maganar lalacewar jikin faifan. Na sha ganin an jefar da faifai mai 199 a sama, 5 da 197 kuma sifiri, aka kuma jona sabon da wayar nan dai. A kwamfutocin gwanjo da suka sha ƙurar hunturu, cire waya a goge baki a mayar yakan kawo ƙarshen zancen.

3.1 Wuta

Faifai mai juyawa na inci 3.5 yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 a lokacin da yake tayar da injinsa, ya fi abin da yake ci bayan ya daidaita nesa ba kusa ba. Akwatin wutar da ya gaji zai iya ɗaukar faifai ɗaya ya kasa uku a tare. Faifan waje mai ƙas-ƙas a kafar USB 2.0 ma sau da yawa yunwa ce, domin kafar miliamfiya 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900.

Misalin da ya fi ban mamaki shi ne fil na uku. A tsohuwar ƙa'ida, fil uku na farko a jonar wutar SATA suna ɗauke da bolt 3.3. Sai ƙa'idar SATA 3.3 ta 2016 ta ba fil na uku sabon aiki: idan ya ga wuta, faifan ya kashe kansa. An yi haka ne don manyan ɗakunan saba, inda ake so a kashe faifai a kunna daga nesa. Sakamakon shi ne sabon faifai, musamman irin manyan da ake ɓarowa daga akwatin faifan waje, idan aka jona shi da akwatin wuta mai tsohon tsari, umarnin "kwanta" yake ji dare da rana. Ba ya juyawa, BIOS ba ya ganinsa, SStatus na nuna 0. A mayar da shi akwatinsa na USB, ya tashi garau. Maganin ɗan siririn salatif ne da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba a liƙe a kan fil ɗin, ko jona ta tsohuwar wayar Molex wadda ba ta da bolt 3.3 sam.

4.0 An amsa, amma an ƙi faɗin suna

Bayan hanya ta ƙullu, faifai yana aiko da wata lamba da ke nuna jinsinsa: 0x00000101 faifai ne na yau da kullum, 0xEB140101 na'urar CD ko DVD. Daga nan direba ya aika umarnin IDENTIFY DEVICE, mai lamba 0xEC, faifan ya mayar da bayit 512 da ke ɗauke da suna, lambar siriyal, girma, da abubuwan da ya iya. Idan rahoto ya nuna "link up" sannan ya ce an kasa IDENTIFY, waya ta fita daga zargi ko kusan haka. Zargi ya koma kan abu biyu: faifan da ƙwaƙwalwarsa ta rikice, ko hanyar da amsa ke bi ta dawo.

Na biyun ya fi ruɗarwa. Amsar faifai kwantirola ce ke rubuta ta kai tsaye cikin RAM, sannan ta taɓa firosesa ta ce an gama. Idan ɗayan biyun ya ɓata, direba zai yi ta jira har lokaci ya ƙure. Wasu katunan SATA masu guntun Marvell, irin su 88SE9123, suna rubutu cikin RAM da lambar shaidar da ba tasu ba. Muddin ba mai tsaro, abin yana tafiya. Da aka kunna IOMMU, wanda aikinsa duba shaidar duk mai son taɓa RAM, sai ya tare su, faifan ya ɓace. Alamar tana can sama a rahoton, layukan kuskuren DMAR, nesa da inda mai gyara yake dubawa. Sai da aka sa wa waɗannan guntaye keɓantaccen uzuri a kanel. A nan an gyara abin a manhaja, amma laifin na ƙarfe ne. Irin wannan jerin uzuri yana da tsawo a libata, sunan faifai bayan sunan faifai, kowanne da abin da ya ce ya iya alhali bai iya ba. Wanda ya karanta jerin zai rage saurin zagin direba.

5.0 NVMe: faifan da shi ne kwantirolar kansa

A NVMe babu wayar SATA, babu SStatus. Faifan kansa na'urar PCI ce, don haka idan lspci bai nuna shi ba, ba a ma kai ga direban nvme ba. Idan ya nuna shi, sallamar ta koma rajista biyu: direba ya kunna alamar EN a rajistar CC, ya jira alamar RDY a rajistar CSTS. Faifan ne yake faɗin tsawon jiran da za a yi masa, da ma'aunin rabin daƙiƙa, iyakarsa daƙiƙa 127.5. Idan rahoto ya nuna CSTS=0xffffffff, wannan ba amsar faifai ba ce. Haka layin PCI yake mayarwa idan an kira na'urar da ta faɗi daga kansa.

Abin da ya fi jawo wannan faɗuwa shi ne tsimin batir. Tun kanel 4.11 na 2017, Linux take barin faifan NVMe ya shiga barci mai zurfi da kansa. Wasu faifan suna shiga su kasa farkawa, Kingston A2000 na cikin waɗanda sai da aka hana su mataki mafi zurfi. Gwajin shi ne a tashi kwamfutar da nvme_core.default_ps_max_latency_us=0, wani lokaci haɗe da pcie_aspm=off. Ina ba da shawarar a gwada su ɗaya-ɗaya. Wanda ya zuba saiti biyar lokaci guda ya ga faifai ya dawo, bai san wanne ya yi aiki ba, kuma zai rayu da batir mai saurin ƙarewa ba dalili.

Wani abin kuma ya taso a 2022, lokacin da kanel ya fara binciken lambar shaidar da ya kamata kowane faifai ya keɓanta da ita. Sai aka gano masu ƙera faifai masu araha suna buga lamba ɗaya a kan samfuri gaba ɗaya. Mai faifai biyu iri ɗaya sai ya ga na biyun ya ɓace bayan sabunta kanel, domin an ɗauke shi a matsayin maimaicin na farko. A 2023 aka sassauta binciken ga faifan da ba su da hanya biyu.

6.0 Yana nan, ba a dai nuna shi ba

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Idan umarnin lsblk na Linux ko Disk Management na Windows sun nuna faifai da girmansa daidai, direba ya gama aikinsa. Saura maganar taswirar rabo: sabon faifai da ba a raba ba, ko tsarin MBR da ba ya wuce terabayit 2 da ɗoriya a faifai mai sashe na bayit 512, ko faifan da aka kwafe daga wani har da lambarsa, Windows ta ajiye shi gefe. Akwai kuma akwatunan USB da suke nuna faifai kamar mai sashe 4096, idan an ciro shi aka jona kai tsaye sai taswirar ta zama shirme. A wasu daga cikin waɗannan Windows za ta yi tayin fomatin, kuma wanda ya karɓi tayin da hannunsa ya share abin da yake nema.

7.0 Kwantirolar da ta ɓoye faifai a bayanta

Mu koma ga laftof ɗin ɗalibina. Firosesarta Intel ce zubi na 11, irin da aka fara sayarwa a ƙarshen 2020, waɗanda yanzu suke shigowa kasuwanninmu a matsayin gwanjo. A kwamfutoci da yawa na wannan zubi da na bayansa, masu ƙerawa suna kunna VMD daga masana'anta. Abin da VMD yake yi shi ne ya janye faifan NVMe daga babban layin PCI ya sa shi a wani lungu na daban, ya tsaya a bakin lungun yana gabatar da kansa da lambar ajin RAID, 0104. Direban stornvme yana neman 0108, ba ya ganin kowa. Windows ɗin da ta zo da laftof tana da direban Intel a cikinta, shi ya sa take tashi. Filashin mai gyara kuwa ba shi da shi. Da an sa faifai goma, goman za su ɓace a wuri ɗaya.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 2016 an yi ta hayaniya cewa Microsoft ta hana ɗora Linux a kan Lenovo Yoga 900, daga baya ta bayyana BIOS ɗin ne aka kulle a yanayin RAID, inda faifan NVMe yake ɓoye a bayan kwantirolar SATA, sai da Lenovo ta fitar da wani BIOS mai zaɓin AHCI. Har yau direban ahci na Linux idan ya ci karo da wannan tsohon salo, yakan rubuta cewa ya ga faifan NVMe a ɓoye, a je BIOS a sauya zuwa AHCI. VMD kuwa Linux tana da direbansa tun 2016, kuma faifan yakan bayyana da adireshi mai farawa da 10000. Shi ya sa filashin Linux ya fi kowane kayan aiki saurin raba wannan gardama. A ganina Intel da masu ƙera laftof ba su kyauta ba: laftof mai faifai ɗaya ba ta da abin yi da RAID, amma mai ita ne yake biyan kuɗin ruɗanin.

Hanya biyu ce. Ta farko, a sauko da direban Intel RST mai ɗauke da iaStorVD, a sa a filashi, a nuna wa Windows shi a shafin zaɓen faifai. Sunan da Intel ta daɗe tana ba kunshin ma yana farawa da f6, tunawa da zamanin Windows XP da ake danna F6 a miƙa direba a faifan fulofi. Ta biyu, a kashe VMD a BIOS. Ta biyun ta fi sauƙi, kuma ta fi haɗari idan akwai Windows da ake son ta ci gaba da tashi. Manhajar ta saba da direba ɗaya a lokacin tashi, idan aka sauya mata ƙofa za ta tsaya da shuɗin allo mai lamba 0x7B. Akan kauce wa wannan ta hanyar sa ta tashi a Safe Mode sau ɗaya daidai lokacin sauyin, don ta ɗauko direban da ya dace. Kafin a taɓa komai kuma sai an tabbatar makullin BitLocker mai lamba 48 yana hannu, domin sauyi a BIOS zai iya sa a neme shi. Idan kuma akwai RAID na gaske, ko faifai mai haɗin Optane irin H10, kada a kashe VMD ko RST ko kaɗan, domin bayanan a rabe suke tsakanin sassa biyu kuma direban ne kaɗai ya san yadda ake haɗa su. Linux ma tana da irin nata tuntuɓen: idan ƙaramin kunshin tashi na initramfs bai ƙunshi direban vmd ba, za ta tsaya tana jiran faifan da ba za ta gani ba.

Da ɗalibin nawa ba mu kashe komai ba. Mun mayar da tsohon faifan gurbinsa, muka tashi da filashin Linux, lspci ya nuna 8086:9a0b a ajin RAID, faifan kuma yana bayansa a 10000:e1:00.0. Muka yi sa'a ba a kulle shi da BitLocker ba. Muka kwashe babi huɗun zuwa wuri biyu, sannan muka ɗora Windows da direban Intel. Sabon faifan ya saya masa akwatin USB, yanzu a ciki yake ajiye kwafin kundin duk ranar Juma'a.